Wa Ya Biya Masa Babbaƙu?

Duk wanda ya iya karanta Fatiha a ƙasar nan, akwai wani da ya taɓa zama da shi yana nuna masa baƙi ɗaya-ɗaya da ɗan yatsa, yana maimaitawa har muryarsa ta dushe. Haka ma wanda ya iya rubuta sunansa da boko, wata malama ce ta riƙe masa hannu a kan fensir. A hannun irin waɗannan mutane muka tashi, mu 'yan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, kuma yau a hannunsu 'ya'yanmu suke. Da safe yaro yana makarantar boko, ta kuɗi ko ta gwamnati. Bayan la'asar yana Islamiyya. Bayan magariba wani yana gaban alaramma da allonsa. Malamai uku ke nan a yini guda, amma idan aka zo rabon yabo da wuya ka ji an ambaci ko ɗaya daga cikinsu.

Mu da muke wannan magana abokai ne da karatu ya haɗa a Kazaure, wasunmu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, wasu a makarantar koyon kwamfuta ta jiha. Maza ne da mata. Neman abinci ya watsa mu Kano da Dutse da Abuja, wasu kuma suna nan gida, zumuncin ya koma zauren WhatsApp da haɗuwar Sallah. A sarauta, Kazaure da Roni da Gwiwa ƙasar Sarkin Kazaure ce, Babura kuwa ta Ringim ce. Amma idan ana zancen allo da tawada ba mai iya bambance mu, domin irin bulala ɗaya muka sha, irin muryar tilawa ɗaya muka gada.

Kowa ya san yadda bikin saukar karatu yake a Islamiyyunmu yanzu. A kafa rumfunan tamfol, a jera kujerun haya, a ɗaura lasifika. 'Yan mata sun sha ankon hijabi, samari sun sha farar shadda. Akwai uban taro, akwai uwar taro, akwai babban baƙo mai jawabi wanda sau da yawa wakili yake turowa. A kira ɗalibai a ba su shahada da allon zayyana, iyaye mata suna share hawaye. Daga nan sai a shiga rabon lambobin yabo: ta ɗan majalisa, ta shugaban ƙaramar hukuma, ta attajirin da ya ba da buhunan siminti. Ba mu ga laifin wannan ba, yaba kyauta tukwici, kuma makaranta tana buƙatar rufi. Sai dai idan ka waiwaya neman malaman da suka yi shekara shida ko bakwai da waɗannan yara, za ka hange su a bayan rumfa, wannan yana rabon ruwan leda, wancan yana korar yara daga kan kujerun baƙi. Makarantun kuɗi ma haka suke yi ranar yaye ɗalibai, bambancin kawai su da Turanci ake jawabin.

Ko a musabaƙa haka abin yake. Tun 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato take shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa. Yaro yakan faro daga ƙaramar hukumarsa, ya haye matakin jiha, ya kai na ƙasa, daga masu izu 2 har masu izu 60 da tafsiri. Wanda Allah ya ɗaga yakan je har Makka, gasar Sarki Abdul'aziz. Ana ba da motoci da kujerun Hajji da kuɗi, kuma duk ranar da ɗan Jigawa ya ciwo wani abu muna cikin masu murna. Amma mahaddacin izu 60 ba daga sama ya faɗo ba. Wanda ya tace masa karatu a makonnin ƙarshe na horo yakan samu shiga hoto. Wanda ya biya masa babbaƙu da farfaru shekaru goma sha da suka wuce, a wani zaure a Korayel ko Amaryawa, sai dai ya ji labari a rediyo, in ma yana da batir.

Ba wai duniya ta manta da malamai ba ne gaba ɗaya. Tun 1994 hukumar UNESCO ta tsayar da 5 ga Oktoba a matsayin ranar malamai ta duniya. A Abuja akan yi taro a ranar, a ba da kyautar Shugaban Ƙasa ga malamai da makarantun da suka yi fice, har da na masu zaman kansu. Akwai kuma kyautar dala miliyan 1 ta Gidauniyar Varkey, wadda a 2019 ta faɗa hannun Peter Tabichi, malamin lissafi da kimiyya a wata makarantar ƙauye a yankin Nakuru na ƙasar Kenya. Mutumin addini ne a cikin Kiristoci, kuma kashi 80 cikin 100 na albashinsa ga mabuƙata yake bayarwa. Lokacin da labarinsa ya zagayo zaurenmu, kusan kowa cewa ya yi ya san wani mai irin wannan hali a garinsu. To amma ƙofar shiga irin waɗannan gasa ta takarda ce: cike fom, hawa intanet, shaidar karatu, makarantar da hukuma ta san da zamanta. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka ba shi da ko ɗaya daga ciki. Malamar da take koyar da matan aure a tsakar gidanta ma haka.

Idan aka bar zancen kyauta aka koma na haƙƙi, nan ma a bakin ƙofa suke tsaye. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayar malamai 65 na haihuwa ko 40 na aiki, amma wannan magana ce ta mai fansho. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, sai dai dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Islamiyya nawa ce a Gwiwa take da malamai 25? Ƙaramar makarantar kuɗi nawa ce a unguwar Kanti take da su? Ƙungiyar malamai ta NUT galibi ta ma'aikatan gwamnati ce. Masu makarantu suna da tasu ƙungiyar, NAPPS. Malamin da yake tsakiya ba shi da mai magana da yawunsa, ba fansho, ba garatuti, kuma a wurare da dama idan aka yi dogon hutu albashi ma hutu yake tafiya.

Iyayenmu ba su san lambar yabo ta gilashi ba, amma sun san yadda ake riƙe malami. Akwai kuɗin Laraba, ɗan abin da yaro yake kaiwa kafin hutun Alhamis da Juma'a. Idan ya kai wani mataki a karatu a yi sadaka, a kai gidan malam. Ranar sauka akwai rago ko abin da ya sawwaƙa, akwai riga. Da damina a yi wa gonar malam gayya, da kaka a kai masa dami, da Sallah ba a raba naman layya a tsallake gidansa. Ba wanda ya yi arziki da wannan, amma malam ba ya kwana da yunwa gari yana ji yana gani. Sannan tsangaya tana da nata matakan girma, daga kolo da titibiri da gardi, zuwa malam da alaramma da gwani da gangaran. Ba kwamiti ne yake ba mutum gwani ba, ba kuma kuɗi ne yake saya ba. Masu karatu 'yan'uwansa ne suke zama da shi a darasu, su auna shi shekara da shekaru, har su sallama masa.

Manyanmu na jihadi ma sun bar mana misali. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusuki, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu, kuma da mahaifinsa ya fara, wanda ya karantar da shi Alƙur'ani yana yaro, kafin ya zo kan yayansa Shehu Usmanu da su Malam Jibrilu ɗan Umaru. Nana Asma'u da ta kafa 'Yan Taru, duk matar da ta naɗa jaji don ta je ƙauyuka ta karantar da mata, sai ta ba ta malfa da jan ƙyalle a ɗaura a kai, yadda duk inda ta shiga za a san malama ce ta iso. Can baya-bayan nan kuma, Malam Aminu Kano yana malamin makaranta ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, tun kafin a san shi da siyasa. Ashe girmama malami ba baƙon abu ba ne da za mu koyo a waje. Abin da ya faru shi ne, da makaranta ta koma ta benci da rasit, sai kuɗin wata ya maye gurbin dami da gayya da kuɗin Laraba, aka ɗauka tunda an biya an gama. Kuɗin watan kuwa kowa ya san ko nawa ne, kuma kowa ya san yadda ake biyansa.

Wannan hira ce ta yi ta yawo a tsakaninmu har bara bayan kaka muka ce bari mu gwada wani abu, ko yaya yake. Muka yi karo-karo, kowa daidai ƙarfinsa. Muka yanke cewa ba za mu ce kowa ya nema ba, mu za mu je nema. Mutanen kowane gari su koma garinsu su tambayi mutum iri uku: tsofaffin ɗalibai da suka girma, iyaye mata, da malamai su kansu. Mai makaranta ba ya cikin masu zaɓe, don kada abin ya zama na ɗan gaban goshi. Tambayoyin ma ba masu wuya ba ne. A ajin wa yaro yake fitowa ya iya karatu? Wa yake zuwa ko ana ruwa? Wa yake bin yaro har gida idan ya daina zuwa? Wa yara suke tsoron ɓata wa rai ba don dorina ba? Abin mamaki, ba a sha wuya ba. A kowane wuri suna ɗaya ne yake ta dawowa daga bakuna daban-daban.

A ƙasar Gwiwa wani alaramma aka nuna mana a wani ƙauye. Almajiransa na ƙauyukan kusa ne, ba ya karɓar yaron da bai san ƙofar gidan ubansa ba. Da damina tare suke shiga gona, abin da aka samu a zuba a rumbu, daga nan ake ci har wata shekara, don haka ba ka ganin yaronsa da roba a bakin kasuwa. Muka same shi a kan buzu bayan hantsi, muka gaisa, muka faɗi abin da ya kawo mu.

"Allah ya gafarta Malam, ɗan abin da ya sawwaƙa ne muka kawo, sannan muna roƙon ka halarci taron da za mu yi a Kazaure."

"Taron mene ne?"

"Na godiya ne ga malamai, Allah ya gafarta Malam. Mutanen garin nan sun ce kai ne."

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Yarana, Allah ya yi muku albarka. Amma ni tsoro nake ji kada a biya ni a nan, in je can in tarar babu saura."

Ba mu da amsar wannan magana. Limamin garin ne, wanda sa'ansa ne kuma abokin karatunsa, ya karɓe mu. Ya ce, "Alaramma, kuɗin Larabar da mahaifinka ya karɓa, ka taɓa jin an ce sun rage masa lada? Kai ba don wannan ka zauna ba, kuma ba kai ka aika a kira su ba." Ya tuna masa fursunonin Badar, waɗanda aka sanya fansar wasunsu ta zama koya wa yaran Madina goma-goma rubutu. Ya ce tun a wancan zamani an san karantarwa aba ce mai daraja da ake iya sakawa a kanta. Alaramma ya karɓi buhunan gero da na takin zamani. Taro kuwa ya ce a yafe masa, zai turo babban gardinsa. Sai ya ƙara da sharaɗi guda: "In har za ku kira sunana a lasifika, ku fara da na wanda ya koya mini, da na wanda ya koya masa. Ni a bakinsu na tsinta."

A Babura mata ne suka yi mana jagora zuwa gidan wata mu'allima da take karantar da matan aure da daddare, bayan an sallami yara an rufe tukwane. Ahalari da Ishmawi take biya musu, da hukuncin tsarki da salla, da gyaran Fatiha ga wadda ta kai shekara arba'in tana karanta ta a karkace ba ta samu mai gaya mata ba. A gefe guda kuma tana koya musu lambobi, yadda mace za ta karanta katin asibitin ɗanta ta san ranar komawa, ko ta kira lambar mijinta da yake ci-rani ba sai ta nemi yaron maƙwabta ba. Wadda take da abin bayarwa ta bayar, wadda ba ta da shi ta zo haka. Matan cikinmu suka tambaye ta abin da take buƙata, ta ce fitila mai aiki da hasken rana da tabarmi, don ɗalibanta da fitilar waya suke duba littafi.

Ɗaya daga cikinmu ta ce, "Malama, wannan ai na makaranta ne. Ke fa?"

Ta yi dariya ta ce, "'Yata, yau shekara nawa rabon da a yi mini wannan tambaya, har na manta yadda ake amsa ta."

Aka kawo fitilar da tabarmin, aka haɗa mata da tumaki biyu na kiwo da turmin atamfa. Da muna da malfa irin ta Nana Asma'u, da mun ɗora mata.

A Roni ne muka gane cewa karramawa tana iya raba kan mutane idan ba a yi hattara ba. Islamiyya ce mai malamai shida, dukkansu suna bin bashin watanni. Idan ka ɗaga ɗaya ka bar biyar, ka kunna wutar da ba kai za ka zauna da hayaƙinta ba. Sai muka tara su muka ce su za su fitar mana da mutum. Ba su yi minti goma ba suka nuna wani malamin tajwidi da yake tahowa a keke daga ƙauyensu, ta cikin duwatsun nan na Roni, kuma shi yake buɗe makaranta kullum. Suka ce rufin ɗakinsa ya yaye tun iskar farkon damina. Muka saya masa kwano da katako, sauran biyar ɗin kuma kowa ya samu yadin shadda da ɗan abin cefane. Su da kansu suka hau suka yi masa rufin ranar wata Alhamis.

Na Kazaure shi ne wanda har yau yake tsaya mana a rai. Saurayi ne mai takardar NCE daga kwalejin ilimi ta Gumel, yana koyar da aji ɗaya a wata makarantar kuɗi. Iyaye har roƙo suke yi a sa 'ya'yansu a ajinsa, domin kafin shekara ta ƙare yaro yana haɗa baƙi ya karanta Hausa, ya fara lalubo Turanci. Duk wanda ya taɓa zama da yaro ɗan shekara shida ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Muka ba shi buhun shinkafa da kuɗi a ambulan da takardar yabo, ya karɓa yana ta godiya. Zango ɗaya aka ƙara ya ajiye aikin. Ya nemi shiga shirin J-Teach na gwamnatin jiha bai dace ba, sai wani ɗan'uwansa ya kira shi tsaron shago a Kantin Kwari. Ɗaya daga cikinmu ya same shi a can, ya tambaye shi dalili.

Ya ce, "Yaya, wallahi ina son aikin nan. Har yanzu in na ga yaro da jaka sai in ji kamar in tambaye shi inda aka tsaya. Amma matata ta haihu, ga haya. Shinkafarku ta kai mu wata biyu, Allah ya saka da alheri. Wata na uku fa?"

Muka je wurin mai makarantar da niyyar yi masa magana, sai ya jawo littafin bashi ya buɗe mana. Shafi bayan shafi, sunayen iyayen da ba su biya kuɗin zangon da ya wuce ba, wasu har zango biyu. Ya ce idan ya ƙara kuɗi a kwashe yara, idan ya kori masu bashi a ce ba shi da imani. Akwai masu makarantun da suke gina bene malamansu suna tafiya a ƙasa, wannan gaskiya ne. Amma akwai irin wannan da shi ma da ƙyar yake numfashi. Akwai kuma uban da zai ɗinka ankon sauka, ya yanka rago, ya ɗauko mai hoto, alhali kuɗin wata uku na Islamiyya suna wuyansa. Yanzu wannan aji yana hannun wani da bai daɗe da gama sakandare ba, shi ma jira yake sakamakon jarrabawarsa ya fito ya tafi. Yaran da suka shigo bana ba su san abin da suka rasa ba. Sai nan da shekara uku ko huɗu za a ga yaro a aji huɗu yana kallon takarda kamar an ba shi aron ido, a ce yaran yanzu ba sa ganewa.

Tafiyar wannan malami ce ta canza mana lissafi. Kyautar rana ɗaya tana faranta rai, tana kuma nuna wa yara cewa wanda yake tsaye a gabansu mutum ne mai daraja. Amma ba ta riƙe malami a aji. Abin da yake riƙe shi shi ne abin da iyayenmu suka gane tun da can, wato kaɗan-kaɗan da ba ya yankewa. Don haka muka buɗe asusu, kowa yana zuba abin da zai iya duk wata, ana ƙara wa malaman da aka zaɓa a kan abin da suke samu. A makarantu biyu iyaye sun yarda da kaka kowane gida zai kawo tiya biyu ta hatsi, a tara a raba wa malamai, ban da kuɗin wata. Ba mu ce wannan ya warware matsala ba. Ƙarfinmu kaɗan ne, makarantun kuwa ko a Kazaure kaɗai ba mu san iyakarsu ba.

Shi ya sa muke miƙa kuka ga waɗanda hannunsu ya fi namu tsawo. Masu shirya musabaƙa, daga ƙaramar hukuma har jiha, me zai hana duk kyautar da aka ba ɗalibi a ware wani kaso na malaminsa, a kuma tambayi yaron a bainar jama'a wa ya fara ɗora shi a kan allo? Hukumomin da suke kula da Islamiyyu da tsangayu a Dutse suna iya sanya rana guda a shekara ta waɗannan malamai, a bi ta hannun hakimai da dagatai da limamai, domin su sun san wanda yake aiki da wanda yake riƙe da suna kawai. Kwamitocin zakka na masarautunmu su riƙa tunawa cewa cikin mabuƙatan da ba sa iya buɗe baki su roƙa akwai masu karantarwa. Masu makarantu kuma, ko ba ku da abin bayarwa, ku ajiye wa malamanku kujera a cikin rumfa ranar sauka, ku nemo wasu su raba ruwa. A jikin shahadar yaro a rubuta sunayen waɗanda suka karantar da shi tun daga ajin farko. Wannan tawada kawai zai ci.

Taron namu ba wani babba ba ne. A harabar wata Islamiyya muka yi shi, ba uban taro, ba babban baƙo. Da aka zo kan alaramman Gwiwa muka cika masa sharaɗinsa. Gardinsa ya miƙe ya karanto sunaye uku a jere: malamin malaminsa, da malaminsa, sannan shi. Ana ambatar na tsakiyan sai wani dattijo da yake zaune can baya, wanda jikarsa ce ta jawo shi wurin, ya miƙe tsaye yana salati. Ashe mahaifinsa ne. Ya ce tsohon ya rasu tun ana jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991, kuma bai taɓa zaton akwai sauran mai tuna shi ba bayan 'ya'yansa. Ya roƙi a maimaita sunan, aka maimaita. Daga nan mutane suka fara ɗaga hannu, kowa yana so a ba shi lasifika ya faɗi nasa malamin. Wata ta faɗi malamar da ta koya mata alwala, wani ya faɗi wanda ya saya masa allo da kuɗinsa ranar da nasa ya tsage. Muka ɗauko littafi muka shiga rubutawa, har aka kira magariba ba a gama ba.

Littafin yana nan, kuma bana za mu zagaya da shi Dandi da Kanya Babba da Insharuwa da sauran wuraren da ƙafarmu ba ta kai ba. Da yawa daga sunayen da ke ciki masu su sun riga mu gidan gaskiya, sai addu'a. Amma akwai waɗanda suke raye, suna nan a zaurukan da muka bar su, idonsu ya fara rauni, suna biya wa jikokin ɗalibansu na farko. Mai karatu, in naka yana cikin waɗannan, Sallah ba ta da nisa, kuma ka san hanyar gidan. Ka tafi da ɗanka, ka nuna masa shi, ka faɗa masa sunansa. Kada ka je hannu rabbana.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu daga cikinsu, ya rufa wa na raye asiri, ya ba mu ikon sauke nauyinsu da ke kanmu.